Mu yi malafar Gahawa

Kafin babban hutu, makarantu da yawa sukan shirya wasan kwaikwayo. A share filin makaranta, a shimfiɗa tabarmi, uwaye su zo, maigari ya zo. Ɗaya daga cikin wasannin da ba su da wuyar shiryawa shi ne gardamar kayan kasuwa. Wani yaro ya zama Hatsi, wata ta zama Gujiya, wani Gishiri, wani Goro, wani Shayi, wata kuma Gahawa. Kowa ya fito fage ya faɗi inda aka haife shi, da hanyar da ya biyo har ya iso kasuwarmu, da amfanin da yake yi wa mutane. Kowa yana cewa shi ne babba.

To, ta yaya ƴan kallo za su gane wane ne wane? Hatsi ba shi da wuya: a ɗaura masa zangarniya biyu a ka, an gama. Gujiya ma haka. Amma Gahawa baƙuwa ce. Ba a noma ta a Nijar, kuma yawancin mutanenmu ba su taɓa ganin itacenta ba. Idan ta fito fage har tsofaffin da ke baya suka shiga tambayar juna: «Wannan kuma wace ce?», ba wanda zai saurari abin da take faɗi. Idan kuma malafarta ta faɗi ƙasa a tsakiyar magana, dariya za a yi, aikin wata guda ya tashi a banza.

Ke nan aiki biyu muke nema ga malafar wasa. Ta yi magana daga nesa, ba tare da an yi mata tafinta ba. Ta kuma zauna a kai daram, ko mai ita tana rawa. Malafar da za mu yi siffar kwaf gare ta, kwaf cike da gahawa mai zafi, zaune bisa farantinsa. Kwaf shi ne inda kai yake shiga, faranti kuwa shi ne bakin malafa. Ko dala ba za mu kashe ba, in ban da cokali guda na garin gahawa.

Mu san abin da za mu kwaikwaya

Wanda bai san giwa ba, ba ya zana ta. Bari mu fara sanin gahawa tukuna.

Gahawa ƙwayar ƴaƴan wani ƙaramin itace ce. Ganyensa kore ne shar, yana sheƙi, yana kama da na mangwaro, sai dai bai kai shi tsawo ba. Ganyayen suna fitowa biyu-biyu, ɗaya yana fuskantar ɗaya. A gindin ganyen nan fure yake fitowa, fari, mai ƙamshi. Bayan fure sai ƴaƴa, a cure wuri ɗaya. Da fari kore ne, in sun nuna su yi ja. Girmansu kamar na magarya. Idan aka ɓare ɗa guda, galibi ƙwaya biyu ake tararwa a ciki, sun haɗa ciki da ciki. Shi ya sa kowace ƙwaya take da gefe guda mai doro da gefe guda shafaffe, da tsaga a tsakiyarsa. Ku riƙe wannan tsaga a ranku, za mu komo kanta. Ƙwayar ɗanya ba ta da ƙamshi sosai, launinta kuma kore-kore ne. Sai an soya ta, kamar yadda ake soya gujiya, sannan ta yi duhu, ƙamshinta ya tashi.

Itacen yana shekara 3 ko 4 kafin ya fara haihuwa. Yana son inuwa da ruwan sama mai yawa, wajen milimetir 1500 a shekara. A Maraɗi ruwan shekara yana kai wa wajen milimetir 500, a Gaya kuwa, inda ya fi yawa, wajen 800. Kun ga dalilin da ba mu noma ta.

Iri biyu ne suka fi yawa a duniya. Akwai arabika, mai son tuddai masu sanyi. Asalinta dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha ne. Akwai robusta, mai jure zafi, wadda ta fi ɗaci. Ita ce ake nomawa a Kodibuwa. Kamaru tana noma duka biyun. A ƙarni na 15 mutanen Yaman suna shan gahawa don kada barci ya ɗauke su wajen ibadar dare. Daga can ta shiga Makka da Alƙahira, ta kai Istambul, ta ƙetara Turai. An kai ta Birazil a shekara ta 1727, kuma Birazil ce ta fi kowace ƙasa noma ta. Sunan ma ya yi tafiya tare da ita. Larabawa suna cewa ƙahwa, mu muka ce gahawa. Turkawa suka ce kahve, ya je ya zama café a bakin Faransawa, ya komo mana ta wata ƙofa muna cewa kafe.

Garin da kuke gani a teburin mai shayi, wanda yake narkewa nan take a ruwan zafi, gahawa ce da aka dafa a masana'anta, aka busar da ruwanta ya zama gari. An fara sayar da Nescafé a ƙasar Suwis a shekara ta 1938. Akwai masana'antarsa a Abijan. Abin da ke cikin gahawa mai hana barci ana ce da shi kafeyin. Akwai shi cikin goro da shayi ma, shi ya sa ba abin shan yara ba ce. Mu dai rini za mu yi da ita.

Duk wannan, mai wasan Gahawa za ta iya faɗinsa a fage. Mu kuma masu yin malafa mun sami abu huɗu da za su yi mana magana: kwaf, tururi, ƙwaya mai tsaga, da reshe mai jajayen ƴaƴa.

Kayan aiki

A nemo babban kwali guda, irin na sabulu ko na sukari, wanda bai jiƙe ba. A nemo takardar buhun siminti, a kakkaɓe ta sosai a waje, da fararen takardu na tsohon kaye. Sai almakashi, da kireyo, da metir irin na tela, da ƙusa, da basilla, da kirtani. Sai kaɗa ƴar kaɗan, da siririyar waya, da ƙwallon dabino kamar 20, da busasshiyar magarya tafi guda, da tsumma mai tsabta. Idan za a yanka kwali da reza, malam ne zai yanka, ko wani babba.

Abin liƙi kuwa, ƙaro ya ishe mu. Wanda ya fi kyau shi ne na ɗakwara, irin wanda ake tsinta da yawa a ƙasar Manga. A daka shi, a zuba awo 1 na ƙaro da awo 2 na ruwa mai ɗumi, a bar shi ya kwana. Da safe a tace da tsumma. Idan kuka ɗiga shi tsakanin yatsu biyu kuka ji yana riƙe su, ya yi. Inda babu ƙaro, a dama cokali 1 na garin rogo ko na alkama da cokali 5 na ruwa, a ɗora a wuta ana motsawa har ya yi kauri kamar koko. Amma ku sani, ƙaro takarda yake riƙewa. Duk inda kwali ya haɗu da kwali, ɗinki ake yi da basilla da kirtani. Malafar da aka dogara da ƙaro kaɗai, ranar wasa take buɗewa.

Awon kai

Nan ne malafa take gyaruwa ko ta ɓaci, tun ba a taɓa almakashi ba.

A auna kan wadda za ta sa malafar, ba kan wani ba. A zagaya metir daga tsakiyar goshi, ya bi ta saman kunnuwa, ya bi ta tudun ƙeya, ya komo goshi. Idan babu metir, a zagaya kirtani, a yi masa alama, a auna shi bisa ma'aunin aji. Idan yarinya za ta yi kitso don ranar wasa, a bari sai an yi kitson, ko kuma a gaya wa makitsiya ta yi kwantacce. Kitso mai tudu yana ƙara wa kai awo.

A ce mun sami santimetir 54. Sai mu ƙara 2, domin kaurin kwali da na tsumman da za mu sa ciki. Ya zama 56. Wannan shi ne kewayen gindin kwaf.

Yanzu faɗinsa nawa ne? Kun koya a darasin lissafi cewa kewayen kowace da'ira ya ninka faɗinta sau 3,14. To, mu raba 56 da 3,14. Mun sami 17,8. Mu ce 18. Rabinsa 9.

Amma akwai wani abu da lissafin nan bai gaya mana ba. Ku sa abokinku ya zauna, ku dubi kansa daga sama. Ba da'ira ba ne. Ya fi kama da ƙwai: daga goshi zuwa ƙeya ya fi tsawo, daga kunne zuwa kunne ya fi gajarta. Idan muka yanka rami mai da'ira sosai, zai matse goshi da ƙeya, ya bar sarari a gefe, malafa ta riƙa karkacewa. Ga kewaye 56, ramin da ya dace tsawonsa kamar 19,5 ne, faɗinsa 16. Ku haɗa su ku raba biyu, ku ga ko ba kusa da 17,8 kuka komo ba.

Yanka kwaf

Hanya mai sauƙi ita ce a yanka kwali miƙaƙƙe a naɗe shi. Amma abin da zai fito gwangwani ne, ba kwaf ba, ƴan kallo kuma za su ce Madara ce ta fito, ko Tumatir. Kwaf bakinsa ya fi gindinsa faɗi. Don a sami haka, dole kwalin ya zama tanƙwararre kamar baka. Ga yadda ake zana shi ba tare da wani kayan aiki mai tsada ba.

Ku dubi bakin kwali tukuna. Za ku ga ƴan ramuka a jere, suna bin juna kamar kwanon rufi. Waɗannan su ne jijiyoyin kwali. Yana naɗuwa da sauƙi idan jijiyoyin suna tsaye, daga gindin kwaf zuwa bakinsa. Idan suna kwance, karyewa zai yi, ya yi kusurwa-kusurwa. A yanko gefen kwali mai tsawon santimetir 75 da faɗin 28, jijiyoyi suna bin gajeren gefen.

A shimfiɗa shi a ƙasa mai laushi, a danne shi da duwatsu. A kafa ƙusa a ƙasa, daidai da tsakiyar kwalin, nesa da shi, yadda daga ƙusa zuwa gefen kwali na can nesa zai zama santimetir 89. A ɗaura kirtani a ƙusar. A auna 88 daga ƙusa, a ɗaura kireyo, a ja kirtani ya miƙe, a zana baka bisa kwali daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan shi ne bakin kwaf. A rage kirtani ya koma 72, a zana baka na biyu. Wannan shi ne gindi. A ƙara ragewa ya koma 70, a zana na uku. Yara biyu ake so: ɗaya ya riƙe ƙusa kada ta motsa, ɗaya ya zana. Kirtani ya zama mai ƙarfi, wanda ba ya miƙewa.

Tsakanin 88 da 72 akwai 16: tsayin kwaf ke nan. Tsakanin 72 da 70 akwai 2: nan za mu fitar da haƙora.

Yanzu a yanko wani kirtani mai tsawon 56, ko awon da kuka samu ga kan taku mai wasan. A kwantar da shi bisa baka na 72, yana bin lanƙwasarsa, a yi alama a farkonsa da ƙarshensa. A ja kirtanin ƙusa ya bi ta kan alama ta fari, a zana layi har baka na sama. A yi haka ga alama ta biyu. Layukan nan biyu ba su tafi daidai da juna ba, suna buɗewa sama. Buɗewar nan ce take ba kwaf faɗin baki. A gefe guda a ƙara santimetir 3, inda za a ɗora a ɗinke.

Ƴan babban aji suna iya gwada wani abu. Ku ɗauki takarda, ku ninka kusurwarta gida biyu daidai. Kun sami kusurwa mai digiri 45. Ku ɗora tsininta a ƙusa. Za ku ga layukan nan biyu kusan bakin takardar suka bi. Bakin kwaf kuwa zai fito da kewaye wajen 69, faɗinsa 22.

A yanka. Tsakanin baka na 70 da na 72 a tsattsaga haƙora, kowane faɗin yatsa biyu, amma kada a lanƙwasa su tukuna. A naɗe kwalin a jikin taɓarya, a murza shi a hankali har ya yi laushi. Sannan a haɗa bakinsa biyu, a riƙe da hannu, a gwada a kan mai wasan kafin a ɗinke. Ya kamata ya sauko har tsakiyar goshi, yatsa guda yana iya shiga tsakaninsa da kai. In ya yi, a huda da basilla a ɗinke, ƙullin yana waje, don kada ya sosa mata kai.

Faranti da mariƙi

Faranti ba ya cin lokaci. Da ƙusa da kirtani mai tsawon 17 a zana da'ira bisa wani kwali, a yanke. Faɗinta 34 ke nan. A ɗora kwaf a tsakiya, a ɗan matse shi daga gefe biyu ya yi siffar ƙwai, a bi gindinsa da kireyo. A yanke ramin. Gara ya yi kaɗan a ƙara, da ya yi yawa.

A zura haƙoran kwaf cikin ramin daga sama. Su fito ƙasa, a lanƙwasa su waje, a shafa ƙaro, a ɗinke huɗu ko shida daga cikinsu. Ku lura da dabarar: faɗin kwaf ya hana shi zurmawa ƙasa, haƙora sun hana shi fita sama. Mahaɗin kwaf ya kasance wajen ƙeya. Wanda yake son bakin faranti ya ɗan tashi kamar na gaske, ya tsaga shi wuri 8, kowace tsaga santimetir 4, ya ɗora baki kan baki ya ɗinke.

Mariƙi kuwa, a yanko kwali biyu masu tsawon 24 da faɗin 3, a liƙa su tare. A lanƙwasa kamar kunne. A tsaga jikin kwaf wuri biyu, sama da ƙasa, a zura bakunan, a kwantar da su ciki a ɗinke. A ina za a sa shi? A gefe, bisa kunnen mai wasan. Idan yana gaba, ƴan kallo hanci za su gani. Idan yana baya, ba za su gan shi ba sam. Mariƙin nan shi ne yake raba Gahawa da Shayi, domin shi shayinmu a ƙaramin finjali marar mariƙi ake shan sa, da kumfa a kai. Don haka a yi shi babba, kada a ji kunya.

Launi

Ruwa maƙiyin kwali ne. Idan aka shafa masa launi kai tsaye, zai kumbura ya tanƙware. A rina takarda daban, ta bushe, sannan a liƙa.

Kwaf da faranti fari ake so, domin fari ne ake hangowa da yamma. A yayyanka farar takarda tsaye-tsaye, faɗin yatsa uku, a liƙa suna hawa kan juna kaɗan. Takarda babba guda ba ta kwanciya a jikin abu mai faɗin baki, tattarewa take yi. Idan rubutun kwali yana nunawa, a daka alli ko farar ƙasa, a dama da ruwan ƙaro, a shafa sama-sama.

Saura gahawar kanta. A yanka da'irar kwali mai faɗin 21, watau kirtani mai tsawon 10,5. A narkar da cokali 1 na garin gahawa cikin cokali 3 na ruwan zafi. A shafa bisa takardar siminti da gashin kaza. Shafa ta fari ba ta yin duhu, kada ku damu. A bari ta bushe a inuwa, a sake, har sau uku. Launi zai fito, ƙamshi ma zai kama, har na sahun gaba su ji. Inda ba a sami garin ba, a dama jar ƙasa da garin gawayi da ruwan ƙaro. A liƙa takardar bisa da'irar, a danne da littattafai ta kwana.

Kafin a sa ta cikin kwaf, a yi tururi. Tururi shi ne yake cewa abin nan da zafi. A yanko waya uku, ɗaya santimetir 15, ɗaya 20, ɗaya 25. A naɗa kowace a jikin kireyo, a zare, a ɗan ja ta, ta yi murɗe-murɗe. A shafa ƙaro, a naɗa kaɗa siriri-siriri, tana raguwa wajen sama. Kada a cika kaɗa, in ba haka ba Tuwo ne zai fito fage. A lanƙwasa kan kowace waya ya koma ciki. A huda da'irar, a zura gindin wayoyin, a kwantar da su ƙasa, a rufe da guntun kwali a ɗinke, don kada tsini ya taɓa kai. Wannan wajibi ne, malam ya duba da hannunsa.

Yanzu a saki da'irar cikin kwaf daga sama. Za ta sauka ta tsaya da kanta, kamar santimetir 4 ƙasa da baki, inda kwaf ya fara tsukewa. Ita ce kuma za ta mai da bakin kwaf da'ira sosai, ko da yake gindinsa siffar ƙwai gare shi. A shafa ƙaro a kewayenta.

Ƙwaya da reshe

Kun tuna tsagar nan? Ku ɗauki ƙwallon dabino ku juya shi. Ga ta nan, daga sama har ƙasa. Dabinon da ake kawo mana daga Ingal da Kawar ya ba mu ƙwayar gahawa kyauta, har ta fi ta gaske girma, wanda kuwa alheri ne ga mai kallo daga nesa. Ba mu muka fara ganin kamar ba: a wasu ƙasashen Larabawa ana soya ƙwallon dabino a niƙa, a sha a maimakon gahawa. A wanke su, a shanya, a jiƙa cikin ragowar rinin, a sake shanyawa. A jera su a bakin faranti, tsaga tana sama. Ƙaro ba ya riƙe su da kyau. A huda kwali nan da nan, a ɗaure kowane da zare baƙi, zaren yana kwance cikin tsagar.

Duk da haka, wanda yake sahun baya ba zai ga ƙwallon dabino ba. Saboda shi, a yanka ƙwaya guda babba, kamar tafin hannu, daga takardar da aka rina. A zana mata tsaga mai ɗan lanƙwasa da gawayi, a liƙa a gaban kwaf, bisa goshi. A ƙarƙashinta a rubuta GAHAWA, a baya kuma CAFÉ, da manyan baƙaƙe. Rubutun ƙari ne kawai. Kakarku da ba ta yi boko ba, siffa take karantawa.

Reshe kuma, a samo siririn tsinke mai tsawon taƙi guda. A huda magarya da allura, a ɗaura su biyar-biyar ko shida-shida a cure, wuri uku a jikin tsinken. In ba su yi ja sosai ba, a tsoma su cikin ruwan karan dafi. A kowane curi a ɗaura ganye biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar yadda muka gani ga itacen gaske. Ƙananan ganyen mangwaro sun yi, amma sai ranar wasa a tsinko su, don suna yaushi. A ƙirga magaryar kafin a tashi daga aji. An san halinku.

A ɗinka reshen bisa faranti, a gefen da babu mariƙi. Ba don kyau kaɗai ba: mariƙi yana jan malafa gefe guda, reshe yana mai da ita daidai, kamar kayan jaki.

Gwaji

A ninka tsumma, a liƙa shi a kewayen ciki, inda kwali yake taɓa goshi. Yana rufe haƙora, yana kuma shan zufa, wadda in ba shi za ta jiƙa kwali ya saki. A huda faranti dab da kwaf, bisa kowane kunne, a zura igiyar tsumma mai faɗin yatsa, a ɗaure ƙarƙashin haɓa. Kirtani siriri yana yanka fata, kada a sa shi nan.

Ku ɗauki malafar a hannu guda, littafin karatunku a ɗaya hannun. Idan malafa ta fi nauyi, a rage kaya. A fara da ƙwallon dabino.

Sai gwaji biyu. Mai wasan ta sa malafa, ta duƙa, ta miƙe, ta juya da sauri, ta yi tsalle uku. Idan ta kai hannu ta dafe, malafar ba ta zauna ba: a ƙara tsumma a ciki, ko a gyara igiya. Na biyu, ta tsaya a bakin aji, a kirawo wani wanda bai ga aikin ba, mai sayar da ƙosai ko wani mai wucewa, a tsai da shi taki 20 daga gare ta. Kada kowa ya ce masa kome. A tambaye shi: «Me ka gani?» Amsarsa ita za ta nuna abin da ya saura. In ya ce gwangwani, a ƙara girman mariƙi. In ya ce shayi, a ƙara wa rinin duhu, a ƙara girman ƙwayar goshi.

Aikin yana cin kwana uku, saboda jiran bushewa. Da rani yakan yi sauri, amma ƙarshen shekarar makaranta yana gamuwa da farkon damina, lokacin da iska take da laima. A fara da mako guda a hannu. A rataye malafa a ƙusa, nesa da ƙasa, domin gara da kyankyaso suna son ƙaro da kwali. Idan wasan ya kai dare aka kunna fitilu, mai malafar Gahawa kada ta kusanci wuta ko kaɗan. Kaɗa da takarda ba su jira, ga igiya kuma ɗaure a haɓa. Saboda haka ƙullin igiyar ya zama zarge, wanda ja guda yake kwance shi.

Tambayoyi da aiki

1. Don me ba a noma gahawa a Nijar?
2. Don me ƙwayar gahawa take da gefe guda shafaffe?
3. Kan wani yaro santimetir 52 ne. Nawa ne kewayen gindin kwaf ɗinsa? Nawa ne faɗinsa?
4. Ku nemi Habasha da Yaman da Kodibuwa da Birazil bisa taswira. Wace ce ta fi kusa da mu?
5. Wace irin malafa za ku yi wa Gishiri, yadda za a gane shi daga taki 20? Ku zana ta cikin kayenku, ku rubuta awonta.